Doctor Who: A Ci Gaba Ko A Huta?

A wannan makon zan yi mana bayani a kan wani shirin talabijin na ƙasar Ingila mai suna Doctor Who, da gardamar da masoyansa suke yi a kan makomarsa. Ni a wayar yayana na fara ganinsa lokacin hutu.

Tashar BBC ce ta fara nuna shirin a ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Ƙagaggen labari ne na kimiyya. Jarumin, wanda ake ce wa Dakta, ba mutumin duniyarmu ba ne, daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, kuma zuciya biyu gare shi. Yana yawo a cikin wani shuɗin akwati mai suna TARDIS, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Da shi yake komawa zamanin da, ko ya tsallaka zuwa zamanin da bai zo ba tukuna.

Me ya sa shirin ya daɗe haka? A 1966 ɗan wasan farko, William Hartnell, ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya. Sai marubutan suka yi dabara, suka ce idan jikin Dakta ya gaji yana iya sake kama ya zama wani mutum daban. Tun daga nan, duk wanda ya bar wasan sai a kawo wani. Duk da haka an dakatar da shirin a 1989. In ban da fim guda a 1996, bai dawo ba sai 2005.

Gardama ta farko a kan wanda zai zama Dakta ce. Da aka ba Jodie Whittaker matsayin a 2017, mace ta farko da ta jagoranci shirin, wasu sun yi murna, wasu sun ce an taɓa musu abin da suka saba da shi. Bayanta David Tennant ya dawo na ɗan lokaci, sannan Ncuti Gatwa, wanda aka haifa a Ruwanda ya girma a Sukotlan, ya karɓa a 2023. Zango biyu kawai ya yi ya tafi a 2025, kuma da yawa suna ganin ya yi saurin tafiya.

Ta biyu a kan kuɗi ce. BBC ta haɗa hannu da kamfanin Disney na Amurka, hotuna suka ƙara kyau. Amma kashi 8 kawai aka riƙa yi a zango, alhali a 2005 kashi 13 ne. Masu ƙorafi suna cewa kafin ka saba da mutanen cikin labarin har an gama. A 2025 aka sanar cewa Disney ta janye, shi ya sa ake tambayar da wane kuɗi za a ci gaba.

Ta uku ita ce babba. Wani ɓangare yana cewa a bar shirin ya huta wasu shekaru, domin hutun da ya yi a baya ne ya sa ya dawo da ƙarfi. Ɗaya ɓangaren yana tsoron idan aka rufe, yaran yanzu za su koma wasu shirye-shiryen su manta da shi, kuma ba wanda ya san ko zai sake dawowa.

Kada ku ɗauka abin bai shafe mu ba. A da BBC tana goge tsofaffin kaset domin ta sake amfani da su, har yanzu fiye da kashi 90 na shirin ba a gan su ba. A 2013 aka gano guda 9 daga cikin waɗanda suka ɓata a wani gidan talabijin a Jos. Haka kuma a 2025 an yi wani kashi da labarinsa ya faru a shagon aski a Legas, kuma Inua Ellams, haifaffen Jos, shi ya rubuta shi.

A nawa ra'ayin, gara a ci gaba ko da kuɗin bai kai na da ba. Tsofaffin kason ba su da launi, kayan dodanninsu ma abin dariya ne, amma mutane sun yi shekaru suna neman su har Jos saboda labarin yana da daɗi. Sai dai a riƙa rubuta shi yadda sabon mai kallo irina zai gane ba sai ya san abin da ya faru shekara 60 baya ba.

Ku fa, me kuka gani? Duk mai ra'ayi ya rubuto ya miƙa wa kulob ɗinmu, za mu manna a allo mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida