Abin da Jini Ke Tunawa, da Abin da Baƙon Dauro Ke Sharewa

Da damina ta kankama, daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela, masassarar cizon sauro ce ke cika ɗakunan yara a asibitoci, har da na Galmi. Yara biyu su kwana ɗaki ɗaya, sauro ɗaya ya cije su: wannan ya wartsake cikin kwana uku, wancan ya kai ga suma. Iyaye su ce jini ne ya bambanta. Sun kusa gaskiya.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Kowace na ɗauke da nata makama, mai gane abokin gaba iri ɗaya tak. Jiki yakan ƙera miliyoyin irinsu ta hanyar yanka da sauya jerin ƙwayoyin gado, dabarar da Susumu Tonegawa na Japan ya gano a wata 'yar'uwar ƙwayar, ya samu kyautar Nobel a 1987. Sai dai waɗanda za su rayu, gado ne ke tace su, ta wasu alamomi da ake kira HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. A 1991 Adrian Hill ya nuna a Gambiya cewa nau'in HLA-B53, mai yawa a Afirka ta Yamma, yana rage haɗarin masassara mai tsanani.

Sauran labarin rayuwa ce ke rubuta shi. Duk cutar da ta shigo, ƙwayoyin da suka gane ta sukan hayayyafa, wasu su zauna gadi shekaru. A 2017 masana a Amurka sun duba jinin mutum 666, suka tantance wanda ya taɓa ɗaukar wata ƙwayar cuta da ake kira CMV daga makaman nan kawai. Ina ma a yi wa jinin manomin albasar Galmi irin wannan karatu, wanda ya ga shekarun sanƙarau da damina hamsin ta sauro. Galibin binciken a kan Turawa aka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙon dauro, wato ƙyanda. Bincike na 2019 ya nuna ƙyanda na share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na garkuwar da yaro ya tara. Ƙuraje su baje, uwa ta yi hamdala, sannan gudawa ko ciwon huhu su same shi babu mai gadi. Allurar ƙyanda tana kare har wannan ajiyar.