Asubahin 25 ga Afrilu a Ostiraliya

Tun gari bai waye ba ranar 25 ga Afrilu, mutanen Ostiraliya ke fitowa cikin rigunan sanyi, domin a can lokacin ne hunturu ke ƙaratowa. Kowa ya nufi dutsen tunawa da sojojin garinsu. Da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da irin wannan dutse, an sassaƙa masa sunayen samarin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. A Kanbera, babban birni, dubban mutane ne ke cika harabar gidan tarihin yaƙi. Ba kiɗa, ba tafi. A yi addu'a, a busa begila, a yi tsit na minti guda.

Wannan ita ce ranar Anzac, sunan rundunar haɗin gwiwar Ostiraliya da Niyu Zilan da ta sauka gaɓar Galipoli ta Turkiyya da asubahin 25 ga Afrilu, 1915, bisa umarnin Birtaniya. Niyyar ita ce a buɗe hanya zuwa Istanbul. Sojojin Daular Usmaniyya, cikinsu har da Mustafa Kamal Ataturk, suka tsare tuddai suka hana su motsi. Wata takwas ana gwabzawa, 'yan Ostiraliya sama da 8,000 suka mutu, a Disamba aka kwashe sauran cikin dare. Kashi suka sha, kuma ba sa ɓoyewa.

To me ya sa ranar shan kashi ta fi kowace rana shiga ran jama'a? Ƙasar ta dunƙule ne a 1 ga Janairu, 1901, ta hanyar ƙuri'a da sa hannu a takarda, abin da ba ya tsuma kowa. Shekararta 14 kacal lokacin Galipoli, tana neman labarin da za ta ba 'ya'yanta. Ɗan jarida Charles Bean, wanda ya bi rundunar, shi ya fi kowa fito da siffar sojan nan: mai barkwanci, mai ganin kansa daidai da hafsa, wanda ko ana ruwan harsashi ba ya barin abokinsa a baya. Har gobe da wannan madubi ɗan Ostiraliya ke son kallon kansa.

Al'adun ranar ma haka suke, rabi juyayi rabi shagali. Bayan taron asuba a sha kofi, tsofaffin sojoji su tsiyaya masa 'yar barasa kamar yadda aka yi wa kakanninsu kafin a afka fagen daga. A maƙala reshen rosmari a ƙirji, don tsiron yana fitowa a tuddan Galipoli. Da hantsi a yi maci. Tsohon soja na rataya lambobin yabonsa a hagu, jikan da ya ɗauko na kakansa kuwa sai a dama, kuma wannan ƙa'ida ba a wasa da ita. Mata da maza na toya biskit ɗin Anzac, na hatsin oti da kwakwa da ruwan sukari. Da la'asar filin wasa na Melbon ya cika maƙil don karawar ƙungiyoyin ƙwallo na Collingwood da Essendon, al'adar da ta soma a 1995. A mashaya kuma a kafa da'ira ana cilla kwabbai biyu sama ana caca a kan fuskar da za su faɗi, cacar da doka ta hana a yawancin wurare amma aka ɗaga mata ƙafa a wannan rana.

Ba kullum ranar ke da wannan farin jini ba. Zamanin yaƙin Biyetnam matasa sun juya mata baya, suna ganin taron tsofaffi ne kawai masu shaye-shaye. Fim ɗin Gallipoli na Peter Weir a 1981, da ziyarar da Firaminista Bob Hawke ya kai can tare da tsofaffin sojoji a 1990, suka farfaɗo da ita. Kafin Alec Campbell, na ƙarshe cikin 'yan Ostiraliyan da suka yi yaƙin Galipoli, ya rasu a 2002, samari sun riga sun mai da zuwa Turkiyya abin yayi.

A ganina akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Ranar ƙasa ta hukuma, 26 ga Janairu, tana tuna saukar jiragen ruwan Birtaniya ƙarƙashin Arthur Phillip a Sidni a 1788, kuma 'yan asalin ƙasar, Aborijin, tun 1938 suka ayyana ta ranar makoki. Wasu na gasa nama a bakin teku, wasu na zanga-zanga a titi. Afrilu ta fi sauƙin haɗa kai, tunda jinin a ƙasar wasu aka zubar. Amma ita ma ba ta tsira ba. Aborijin kusan 1,000 sun yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, da suka dawo aka raba wa fararen sojoji gonaki, yawancinsu ko taki ɗaya ba su samu ba. Tun 2007 zuriyarsu ke yin nasu macin a unguwar Redfern ta Sidni, suna kuma matsa wa gidan tarihin Kanbera lamba ya ba da cikakken wuri ga yaƙe-yaƙen da aka yi a cikin gida, tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da masu ƙasa.