DAGA KAN GOBARAU ZUWA DUWATSUN ABZIN: DARASIN TAFIYAR HUNTURU

Duk wanda ya hau Hasumiyar Gobarau da sanyin safiya cikin watan Janairu, ya kai ƙarshen matakalarta yana haki, in ya fuskanci arewa ba abin da zai gani mai nisa. Rufin gidajen birnin Katsina ne za su bayyana a ƙarƙashinsa, da 'yan itatuwan darbejiya, daga nan kuma sai hazo fari fat, kamar an shimfiɗa alawayyo. Yawancin masu hawa sukan ɗan tsaya, su rufe kunne saboda ɗari, su yi wa ƙura tsaki, su sauko. Kaɗan ne ke tambayar abin da ke bayan hazon.

Abin da ke bayansa kuwa hanya ce, watau tsohuwar hanyar ayari wadda ta ratsa Tasawa da Damargu ta kai Agadas, ta shige cikin duwatsun Abzin, sa'an nan ta faɗa cikin rairayin Tanere. A zamanin nan mutane sukan biya kuɗi masu yawa don a kai su yawon ƙafa a hamada, su hau tsaunuka su ratsa kwazazzabai, a ƙasashe kamar Maroko da Aljeriya da Jodan da Amurka, kuma galibi da lokacin sanyi suke zuwa. Su motsa jiki da buɗe ido ke kai su. Mutanen ƙasar nan tamu da maƙwabtansu Abzinawa kuwa sun daɗe suna wannan tafiya don neman abinci da neman ilmi, kuma ƙa'idojin da suka bari su ne har gobe ke raba wanda zai dawo gida da wanda ba zai dawo ba.

GOBARAU DA 'YAR'UWARTA

Hasumiyar Gobarau tsayinta kimanin ƙafa 50 ne, watau mita 15, kuma da ƙasa aka gina ta. Tarihin da aka gada ya danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15, lokacin da Musulunci ya zauna daram a fadar Katsina. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shaihu Muhammadu al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya ziyarci Katsina da Kano, kuma ta ƙasar Abzin ya biyo. An yi kiran salla a kan hasumiyar, an yi karatu a gindinta, an kuma riƙa hawanta don hango masu tahowa daga nesa, fatake ne ko mahara.

Tana da 'yar'uwa a arewa, watau hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka gina wajen shekarar 1515 aka sabunta a 1844. A 2013 hukumar Unesko ta sanya tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya. Tsakanin hasumiyoyin nan biyu zumunci ya daɗe. Gobirawa suna da labarin cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je Agadas yana saurayi, wajen malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Har yanzu kuma Bakatsine in ya shiga kasuwar Agadas ba ya bukatar tafinta, domin da Hausa ake ciniki.

YADDA DUWATSUN SUKE

Daga Agadas in an nausa arewa sai ƙasa ta fara tashi. Duwatsun Abzin curi-curi suke, kowane curi yana tsaye shi kaɗai kamar an kife ƙwarya, tsakaninsu kuma busassun ƙoramu ne masu yashi da itatuwan ƙaya da goruba. Mafi tsawo shi ne na Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022 daga doron teku, ba kuwa inda ya fi nan tudu a Jamhuriyar Nijar duka. Mai karatu zai fi gane wannan in ya tuna cewa dutsen Shere na kusa da Jos mita 1,829 ne. Can arewa kuma akwai Girebun, mai mita 1,944.

Wani abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne, masana ilmin duwatsu sun nuna cewa duwatsun Abzin da na Damagaram da na Jos jeri ɗaya ne, na Abzin su ne manya a shekaru, na Jos su ne ƙanana. Shi ya sa kuzar da aka haƙa a Jos aka kuma haƙa irinta a Elmiki ta ƙasar Abzin.

A kan Bagzan akwai ƙauyuka da lambuna, inda ake noma albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, kuma tun tuni da jakuna ake sauko da su ta wasu 'yan siraran hanyoyi a tsakanin duwatsu. Mai hawa yakan shafe sa'o'i yana bin kwazazzabo, wani wuri ya taka, wani wuri ya dafa da hannu ya ja jiki. A Timiya akwai lambunan lemo da rumman da dabino, ga kuma wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse cikin kududdufi, a tsakiyar ƙasar da ke shafe watanni ba ɗigon ruwan sama. A Dabus kuwa, yamma da duwatsun, mutanen da suka shuɗe shekaru dubbai sun sassaƙa surar raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Wannan shaida ce cewa wurin da yake ƙeƙashe a yau ya taɓa zama daji mai ciyawa da ruwa.

ME YA SA SAI DA HUNTURU?

Amsar tana cikin jikin ɗan Adam. Da bazara ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haura 45, dutse ya yi zafin da ba ya dafuwa da hannu, mai tafiyar ƙasa kuma yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin sa'a guda. Ba mutumin da zai iya ɗaukar ruwan da zai mayar da wannan asara yana kuma hawan tudu. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, hatsarin ya sake kama. Ruwa yakan sauka a kan tsaunuka can nesa, ya taru ya gangaro cikin ƙorama da ƙarfin gaske, ya tarar da wanda ya yi zango a cikin yashinta alhali ko gajimare bai gani ba.

Saura watannin Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin rana tana da sauƙi, jiki ba ya shan ruwa da yawa, dutse kuma yana takuwa. Amma hunturu ma da nasa haƙƙin. Busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, saboda haka rana na faɗuwa sai sanyi ya sauko, har ruwa yakan daskare a kan tudu da asuba. Ga hazo mai ɓoye alamun hanya, ga gajartar yini. Haka kuma sanyi yana kashe jin ƙishirwa, mutum ya yi ta bushewa bai sani ba.

AYARIN GISHIRI

Ba wanda ya ƙware a wannan lissafi kamar masu ayarin Balma. Cikin watan Oktoba ko Nuwamba suke tashi daga gindin duwatsun Abzin, su fuskanci gabas, su ratsa Tanere ta Fashi zuwa Bilma, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 600 in an auna daga Agadas. Kafin tashi sai sun yanki ciyawa sun ɗaure ta dami-dami, domin babu abin kiwo a hanya, sukan kuma ajiye wasu damman a zango saboda dawowa. Ruwa a salka yake. Guzuri kuwa dakakken gero ne da cuku da dabino, a dama da ruwa a sha ana tafiya, gama ayari in ya tashi da safe ba ya tsayawa sai dare ya raba.

Madugu ke gaba, kuma maganarsa ita ce hukunci. Da rana yana duban inuwa da yadda iska ta jera tuddan rairayi, da dare kuma yana duban taurari, irin su Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ke fitowa ta gabas da almuru a wannan lokaci na shekara. A tsakiyar hanya a da akwai wata 'yar bishiyar ƙaya guda ɗaya tal a bakin rijiya, wadda saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Shekara da shekaru ayari na wucewa ba wanda ya sare ta ya hura wuta, sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

In an dawo da kantu da dabino, sai a huta kaɗan a gangaro kudu, zuwa Damagaram da Tasawa da Maraɗi da Katsina da Kano, a musanya gishiri da gero, raƙuma su ci karan gona su bar wa manomi taki. Motoci sun rage wa wannan sana'a ƙarfi ƙwarai, amma ba ta mutu ba.

ABIN DA YA SAMI ABDULKARIM

Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin cikin Disamba 1850, ya iso Katsina cikin Janairu 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, kafin ya wuce Kano a farkon Fabrairu. Amma da kyar ya ga wannan rana, domin wata shida kafin nan ya kusa barin ƙasusuwansa a hamada.

Cikin Yuli 1850, ana tsakiyar zafi, ayarinsu ya zo kusa da dutsen Idinen, daf da garin Ghat a ƙasar Libiya ta yau. Buzayen da ke musu jagora suka ce dutsen gidan aljannu ne, suka hana shi zuwa, suka kuma ƙi raka shi. Shi kuwa yana tsammanin zai sami tsofaffin zane-zane a can, sai ya tafi shi kaɗai da 'yar salka da ɗan guzuri. Dutsen da ya hango kusa ashe nesa yake, ga kwazazzabo a tsakani. Ya kai sama a gajiye bai sami kome ba, ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ya kwana a gindin wata bishiya, ya yini cikin rana, har ƙishirwa ta sa ya tsaga jikinsa ya tsotsi jininsa. Sai da yamma ta biyu wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi rai kwakwai mutu kwakwai.

Barth mutum ne mai ilmi da ƙarfin jiki. Laifinsa uku ne: ya hau a lokacin da ba na hawa ba, ya raina yawan ruwan da zai bukata, ya kuma ƙi jin maganar 'yan ƙasa. Ko mutum bai yarda da zancen aljannu ba, ya kamata ya gane cewa wurin da mazauna ƙasa suka guje masa shekara da shekaru akwai dalili. Da ɗan gari akan ci gari.

HAR YANZU HAMADA NA CIN RAI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin da ne kawai. Cikin Oktoba 2013 motoci biyu ɗauke da matafiya suka lalace a arewacin Arlit, kan hanyar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da dama kuma daga yankin Kance na jihar Damagaram, watau Hausawa 'yan'uwanmu. A 2017 wasu mutum 44, cikinsu har da 'yan Nijeriya, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku. Mota ta gajarta kwanakin tafiya, shi ya sa ake shiga hamada da 'yar jarka, a hannun wanda kuɗin mota kaɗai ya dame shi. Madugun da kuwa sunansa da mutuncin gidansa ke zubewa in ya rasa mutum ɗaya.

Yawon buɗe ido a Abzin ma ya sha wuya. An sanya yankin Abzin da Tanere, mai faɗin kadada miliyan 7.7, cikin jerin Unesko a 1991, amma shekara guda bayan haka aka mai da shi cikin wuraren da ke fuskantar hatsari saboda tawaye. Tawayen 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne, da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, sun kori masu ziyara, suka bar jagorori da masu raƙuma ba aiki. Saboda haka ba wanda zai shawarci ɗalibi ya ɗauki jaka ya nufi Bagzan ba tare da izinin hukuma da jagora sananne ba.

TO, ME YA RAGE MANA?

Abin da ya rage shi ne mu fara daga gida. Ɗalibin da zai iya kawo sunan Kilimanjaro a jarrabawa amma bai taɓa jin Bagzan ba, an tauye masa rabin labarin ƙasarsa. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi da shugabannin makarantu su mai da watannin sanyi lokacin fita da ɗalibai. A kai su Gobarau da taswira a hannu, malamin labarin ƙasa ya nuna musu arewa, ya bi da su zango-zango har Bilma. Daga nan a hau Dala ta Kano ko Kufena ta Zariya, ko wani dutse na kusa inda jami'an tsaro suka tabbatar da lafiyar hanya.

A can ne za a koya musu ladabin tafiya a aikace: a tashi da sassafe, a ɗauki ruwan da ya fi wanda ake zato, a sha tun ba a ji ƙishi ba, a riƙe abin rufa saboda dare, a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, kada a kwana a cikin ƙorama, kada kowa ya ware shi kaɗai, a kuma juyo tun da sauran rana ko da ba a kai ƙololuwa ba. Yaron da ya koyi wannan a kan Dala, in wata rana wani dillali ya ce masa Libiya kwana uku ce kawai a mota, zai san tambayoyin da zai yi kafin ya ba da kuɗinsa. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya mai da kowa gida lafiya, amin.