Farin Ɗigo A Fuskar Hoto: Laifin Wane Ne?

A shekarun 1970 da 1980, Bahaushen da fatauci ya kai Fegge, unguwar nan ta Anacha da ke bakin kogin Kwara, kusa da gadar da aka buɗe a 1965, ba shi da shaidar da ta fi hoto wajen gamsar da mutanen gida cewa yana nan lafiya. Sai ya sa babbar riga ya tsaya gaban mai hoto, a wanke a wani ɗan ɗaki mai duhu, a aika Kano ko Sakkwato. To amma sau da yawa hoton kan fito da farin ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gari, nan take a ce fim ne ya lalace. Alhali kuwa galibi laifin yana ɗakin wankin. Tun da har yau akwai masu wanke fim ɗin baƙi da fari da hannunsu, ya kamata a san yadda ake gano tushen ɗigon.

Abu na farko, a ɗaga nagetif a haske, a duba da gilashin ƙara girma. Ka'idar ita ce, abin da ya fito fari a takarda baƙi ne a nagetif, wato wani abu ne ya tare haske lokacin bugawa. Idan an hure shi da iska ya tashi, ƙura ce kawai, irin wadda hunturu kan kawo har Anacha. Idan kuwa ya ƙi tashi, to ya manne tun fim yana jiƙe: ko yashin da ke cikin ruwa, musamman da damina sa'ad da ruwa ke gurɓacewa, ko garin maganin wanki da bai gama narkewa ba.

Na biyu, a karkata fim a dubi gefensa mai sheƙi. Farin tabo mai kama da sawun ɗigon ruwa alli ne da ruwa ya bari bayan ya bushe. Wannan yakan fita idan an sake ɗauraye fim. Na uku, a dubi kwalbar maganin da ke tabbatar da hoto. Idan ya tsufa yakan yi fari kamar madara, ya zubar da ƙwayoyin farar wuta su liƙe a fim. Irin wannan sai zubarwa.

Akwai kuma ɗigon da ke fitowa garau a nagetif, zagayayye, wanda kan zama baƙi a takarda. Wannan kumfar iska ce ta hana magani taɓa fim. Shi ya sa gwanaye kan buga gindin tanki a tebur da zarar sun zuba magani.

Rigakafin ba shi da tsada. A tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, a bar magani ya narke sarai kafin aiki. A sanyaya shi ya kai digiri 20 a ma'aunin santigired, domin zafin kudu yana tausasa fuskar fim har datti ya nutse ciki. Ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan tururi, a ɗiga masa Photo-Flo na kamfanin Kodak, sannan a shanya fim a rufaffen ɗaki, ba fanka. Bayan ya bushe a ɓoye shi daga danshi, don kada fumfuna ta ci shi.

Takarda dai ana sake bugawa, amma nagetif guda ne tak. Wanda aka ɗauka wataƙila ya riga mu gidan gaskiya, ba kuwa zai sake tsayawa gaban kyamara ba. Saboda haka mai wanki ya san amana ce a hannunsa.