Ko Kun Sani? Hayaƙin Murhu Na Toshe Huhu

Ko kun san macen da ba ta taɓa sa taba a baki ba tana iya kamuwa da ciwon huhu irin na masu shan taba? Ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, ya kashe mutum miliyan 3.5 a duniya a shekarar 2021, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma hayaƙin girki na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. A gidajen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, uwargida kan yi shekara da shekaru tana hura itace da karan gero a madafa marar taga, sau da yawa da goyo a bayanta. Masu suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli kuwa, wuni suke yi a bakin wuta. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin suna ratsawa har can cikin huhu, sai hanyoyin iska su kumbura, su cika da majina, su tsuke. A wasu masu ciwon, hanyoyin sukan koma ba sa jure komai: ƙurar hunturu, sanyin asuba ko turaren wuta kaɗai ya isa ya tayar da tari da haki. Abin baƙin ciki, ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu da suka lalace ba sa sake tsirowa. Magani yana rage wahala ne, ba ya maido su. Iyaye mata, ku fito da murhu tsakar gida, in kuma tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku garzaya asibiti.