Adadin nan 33,550,336 da darajarsa a wurin ma'abota hisabi

Malaman hisabi na dā sun kasa adadi kashi uku, bisa la'akari da ƙananan adadan da ke raba shi daidai ba tare da saura ba. In an tara su suka kasa cim masa, kamar 8 wanda masu raba shi 1 da 2 da 4 ne, jimla 7, sai a ce masa naƙisi. In suka zarce shi, kamar 12, za'idi ke nan. In kuwa suka yi daidai da shi, kamar 6 da 28, to wannan shi ne tammi, watau cikakke, kuma irinsa ya fi kowanne wuyar samu.

Uƙlidisu, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kafa burhani a kan hanyar fitar da shi: a fara daga 1 ana ruɓanyawa ana tarawa, duk sa'ad da jimlar ta zama adadi awwali, wanda ba ya rabuwa sai da ɗaya ko da kansa, sai a buga ta da adadin ƙarshe. Ta haka aka sami 6 da 28 da 496 da 8,128, waɗanda Nikomakus ya lissafta a littafinsa da Sabitu ɗan Ƙurra ya mayar Larabci a Bagadaza. Daga waɗannan huɗu ne mutane suka yi ƙiyasi cewa kowane mataki, ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa da dubbai, yana da cikakke guda, kuma ƙarshensu 6 ne da 8 bi da bi har abada.

Na biyar ɗin ne ya rushe wannan zato. Wanda ya ci gaba da ruɓanyawa har 1,024 zai sami jimla 2,047, ya yi murna yana zaton awwali ce, alhali kuwa 23 sau 89 ke nan. Ba zai dace ba sai ya kai 4,096, inda jimla ta zama 8,191, awwali sahihi, in ya buga su kuma 33,550,336 ya fito, mai lamba takwas maimakon biyar ɗin da ake tsammani. Isma'ila ɗan Fallus, masanin hisabi na ƙarni na 13, ya riga ya ambace shi tare da na shida, 8,589,869,056, wanda shi ma da 6 ya ƙare. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, in ka tara 1, 2, 3, har zuwa 8,191, wannan adadin dai za ka tarar, ba daɗi ba ragi.

A ƙarni na 18 Euler ya tabbatar da cewa duk cikakken da yake shafa'i, watau mai rabuwa biyu daidai, ta hanyar Uƙlidisu yake fitowa. Zuwa 2024 an san guda 52, dukkansu shafa'i, amma mas'alar samuwar cikakke wutiri tana nan a buɗe, tana jiran mai burhani.