Me kake karantawa? Duba kafin ka tura

A shekarun baya, idan mace ta gama littafin Bilkisu Funtuwa ko na Balaraba Ramat Yakubu, sai ta aiki ƙanenta shagon haya ya karɓo mata na biyu, ko ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya fita a liƙe shi da salatif. Amma ko ya tsufa, wani ya sa kuɗinsa ya saya tun farko, marubuciya ta ga na cefane.

Yanzu hirar ta koma zaurukan WhatsApp da Telegram. Ana cewa “wa ke da ci-gaban littafin nan?” kafin ka ƙifta ido an turo shi sukutum. Gaya wa juna abin da ake karantawa abu ne mai kyau, ai ta haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya game gari. Turawar ce ke da matsala.

Marubutan yanar gizo da yawa mata ne da ke rubutu a waya da babban yatsa, bayan sun kwantar da yara. Sukan saki shafukan farko kyauta, sannan su ce sauran na kuɗi ne, a biya ɗari biyar ko dubu a shiga zaure. Sai mutum ɗaya ya biya, ya kwashe ya watsa wa ɗaruruwa, har ana yi masa “Allah ya saka da alheri”. Wane alheri? Wani kuma ya karanta littafin da muryarsa ya ɗora a YouTube, yana cin kuɗin talla, mai littafin ba ta sani ba. Wannan cin haƙƙi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi abin da ake watsawa ta intanet, ba littafin takarda kaɗai ba.

Mai karɓar na banza ma bai tsira ba. 'Yan damfara sun gane mutane na kwaɗayin kammalallen littafi, sai su turo mahaɗa su ce a danna. Littafi ba ya neman ka sauke manhaja, ba ya tambayar lambar katin banki, ba ya neman lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo. Duk wanda ya ba da lambobin nan ya miƙa asusunsa na WhatsApp da sunansa, gobe a wayi gari ana roƙon kuɗi a wajen 'yan uwansa. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da apk kuwa manhaja ce, a goge shi.

Sai batun abin da ke ciki. Wasu littattafan batsa ce tsagwaronta, an rubuta “na matan aure ne” a sama, kamar wannan zai hana 'yar shekara goma sha uku da ke aron wayar uwarta buɗewa. Haka littattafan zane. Iyaye suna ganin hoto sai su ɗauka wasan yara ne. Manga na ƙasar Jafan, waɗanda ake buɗewa daga dama kamar littafin ajami, kashi-kashi ne: akwai na yara, akwai na samari, akwai waɗanda don manya kawai aka zana su. A buɗe tsakiyar littafin a duba shafi biyu ko uku kafin a bar yaro da shi.

Wanda na fi so a riƙa ambata a zaurukan nan shi ne tarihin mawaƙa, domin nan ne ji-ta-ji-ta ta fi yawa. Kowa yana da labarin Mamman Shata da ya ji a majalisa: ya yi wa wane baki, aljanu ne ke ba shi waƙa. Alhali akwai Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar a 2006, mai bin rayuwarsa daga Musawa har rasuwarsa a 1999, da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi. Akwai kuma Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Irin waɗannan ba su da saurin samuwa, don haka idan ka ci karo da ɗaya, faɗi sunansa da marubucinsa da inda ka saya, wani ma ya je ya nema.